Gafakar Malam Jumare

Kaduna, farkon Oktoba

Zuwa ga Malam Abarshi,
Mai kula da ɗakin karatu na Birnin Gwari.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Huseina da yara. Yaya haƙuri da halin da ake ciki? Allah ya kawo sauƙi.

Tun da aka rufe layukan waya a wajenku na rasa hanyar samunka. Sai aka ce mini Abdulsalam direba yana bin ayarin motocin da sojoji ke rakawa, shi ya sa na ba shi wannan takarda.

Abu biyu ne. Na farko, ofis zai buga ɗan littafi a kan tarihin rassanmu, ni aka ɗora wa tattarawa. Ina son shafi biyu a kan reshenka: yadda aka kafa shi da yadda ya bunƙasa. Ka rubuta irin na ofis, Malam, ba irin hirarka ba. Na san ka.

Na biyu, rahoton ƙidayar bara ya nuna littattafanka sun kusa ninkawa, alhali rabon da mu aika maka ko ƙasida ɗaya an jima. Darakta ya ji daɗi, har ya ambaci sunanka a taro. Ni kuwa da na fara aiki a ƙarƙashinka, na yi shekaru ina zaune a teburin da ke kallon naka, daɗin bai kama ni ba. Daga ina suka fito?

Ka gaida mini kowa. Na bar ka lafiya.

Sabina Martins

*

Birnin Gwari

Ranki ya daɗe, Maman Jemima.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso da ƙanshin busasshen kifi, don a tsakanin kwalaye Abdulsalam ya soka ta. Muna lafiya gwargwadon yadda ake lafiya a nan. Huseina tana gaishe ki.

Kin ce in rubuta irin na ofis. Na gwada, barci ya ɗauke ni a layi na uku. Ga shi nan yadda na iya, ki yanke abin da ba ya shiga.

Ɗakin karatun nan ya fara da kabad ɗaya a zauren ofishin En'e a Tsohon Birnin Gwari, tun zamanin Bature. A cikinsa littattafan yaƙi da jahilci ne da jaridar da ke isowa bayan labarinta ya tsufa, a samansa kuma rediyo. Rediyon mutane suke zuwa ji, amma a rahoto sai a rubuta su masu karatu. Kin ga ke nan halin rahoto ya girme mu duka.

Da gari ya taso ya dawo bakin titi, aka ɗauko kabad ɗin a bayan motar katako. Ƙafarsa ɗaya ta karye a hanya, aka tokare shi da bulo, yana kan bulon har yau. Daga baya aka gina mana wannan ɗakin mai tagogi manya, wanda kika sani.

Bunƙasa kuwa, mu da abin da masu tafiya suka bari muka bunƙasa. Ma'aikatan yaƙi da ƙudan tsando da za su tashi suka bar mana kanta guda a kan ƙudan tsando. Mutanen gandun Kamuku suka ba mu littattafan giwaye, a daidai lokacin da giwayen suka daina biyowa ta nan. Wata ƙungiya daga Turai ta aiko kwantena, muka buɗe da kabbara, muka tarar da littattafan yadda ake ɗumama gida lokacin dusar ƙanƙara. Sai kwamfutoci, waɗanda suka zo ba tare da wuta ba. Muna lulluɓe su da zani kamar masu jego. Masu karatun da ba su taɓa yi mana fashi ba su ne gara. Sun sauke sashen tarihi, yanzu sun shiga lissafi.

To, ga amsar tambayarki ta biyu.

Lokacin da 'yan bindiga suka tayar da mutanen Damari da ƙauyukan bakin daji, aka zuba su a azuzuwan firamare a nan cikin gari. Wata safiya sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, ana kiranta Tasalla, ta rungumo gafaka, irin jakar fatar nan ta malamai. Mijinta Malam Jumare malamin zaure ne, a gona aka kashe shi. Ba ta fito da tukunya ba, ba ta fito da zanin sauyi ba, gafakar kaɗai ta ɗauko. Littattafai ne na rubutun hannu, wasu nasa, wasu na mahaifinsa.

Ta ce, "Nan ne gidan da ake ajiye littafi a dawo a same shi?"

Na ce, "Iya, mu dai mun fi sabawa da bayarwa mu rasa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ajin da suke kwana yana yoyo, ga yara, ga awaki. Na karɓa na nufi kanta da ita, sai ta ce, "Tsaya. Sa musu alama."

"Alamar me, Iya?"

"Kai wane irin mai ajiya ne? Ko buhun masara na kai sito sai mai sito ya shafa masa fentinsa. Kayan da ba alama ai na kowa ne."

Alamar da nake da ita ɗaya ce, hatimin ɗakin karatu. Ta tsaya a kaina na buga wa kowanne, wanda bai fito sosai ba ta sa na sake.

Kin san garin nan da labari. Kafin sati ya zagayo, Gabriel katikis ya kawo littattafan waƙoƙin cocinsu, na Hausa da na Gbagyi. Hedimastan wata makarantar da aka ƙona ya kawo abin da ya tsira a cikin buhun taki. Kowa ya zo sai ya ce a sa masa irin alamar da aka sa wa Tasalla. Wanda na ce ba sai an sa ba, sai ya ga kamar na raina kayansa.

Da jami'in ƙidaya ya zo bara, duk abin da ke da hatimi ya ƙirga. Na fara yi masa bayani, ya ce motocin rakiya za su tashi. Ki gaya wa Darakta na gode da ambato. Wannan ita ce bunƙasar da ta fi kowacce girma a tarihinmu, kuma 'yan bindiga ne suka ɗauki nauyinta.

Ki shafa mini kan Jemima, in har yanzu tana yarda a shafa. Wassalam.

Naki, Abarshi

*

Kaduna

Malam Abarshi,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu. A karo na farko na yi dariya, a na biyu ban yi ba.

Akwai abin da ban faɗa maka ba, don ina fatan za a fasa. Ba a fasa ba. An yanke shawarar kwashe kayan rassan da ke wuraren da ba tsaro, a kawo su sitonmu na nan har al'amura su daidaita. Reshenka ne na farko. Babbar mota za ta zo ƙarshen wata, kuma ni aka ce in biyo ta.

Umarnin a fili yake: duk littafin da ke ɗauke da hatiminmu kayan gwamnati ne, za a ɗauka.

Na shiga wajen Darakta na yi masa bayanin ajiyar mutane. Ya saurare ni da kyau, mutumin kirki ne. Ya ce adadin da aka riga aka sanar a taro ba zai ragu a hanya ba, in ya ragu shi za a tambaya. Ya ce masu kayan su rubuto takardar nema, za a duba.

Kai ka san sitonmu, ni ma na san shi. Kayan da aka kai can tun ina ƙaramar ma'aikaciya har yau ba su ga rana ba, kuma rufin ya fi na ajin Iya Tasalla yoyo.

A ɗakin nan naka babana ya fara kai ni na ga littafi mai hoton giwa. Ban so a ce ni ce zan zo in kwashe shi ba. Ka yi haƙuri.

Sai na ji daga gare ka.

Sabina

*

Birnin Gwari

Maman Jemima,

Gaisuwa da fatan alheri. Haƙuri ai shi ne sana'ar garin nan yanzu, ya fi noma ma'aikata.

Littattafan ƙudan tsando ku zo ku ɗauka, Allah ya sa su amfani mutanen Kaduna. Na dusar ƙanƙara ma har in taya ku lodi. Amma ajiyar mutane fa?

Bari in gaya miki yadda Tasalla take yi. Ba ta iya karatu ba, ko harafi ɗaya. Duk ranar Juma'a da hantsi sai ta zo, ta zauna a ƙasa kusa da taga, ta ƙi kujera. In miƙa mata gafakar, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe da gefen mayafinta, ta shinshina, ta mayar. Ta san kowanne da kamanninsa. Akwai wanda take ce wa mai ƙonannen gefe, wai fitila ce ta taɓa faɗo masa shekarar da suka yi aure, ita ce ma ta ture fitilar. In ta gama sai ta ce, "To, Malam, mun gaisa," kuma ba da ni take ba. A duk masu katin da na yi wa rajista tun da na kama aiki, ban ga mai zuwa a kan lokaci kamarta ba.

Wannan ce za ta rubuto takardar nema a duba?

Na gwada kankare hatimin da reza a gefen wani shafi. Takardar tsohuwa ce, ta sha tawadar har ta ɓullo ta baya. Na bari kafin in yi ɓarnar da 'yan bindiga ba su samu yi ba. Na yi tunanin in mayar wa kowa kayansa a ɓoye, sai na tuna adadin Darakta. In ya ragu ke za a fara tambaya, ke da kika biyo mota, sannan ni, da ya rage mini kaɗan in yi ritaya da sunana a wanke.

Ban gaya mata ba tukuna. Jiya Juma'a ta zo, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko sun sami rabon masara.

Na gaji, Sabina. Ke kika fi ni sanin dokokin nan, ni karanta su kawai nake yi in gyara musu nahawu. In akwai wata ƙofa, ki nuna mini.

Allah ya bar zumunci.

Abarshi

*

Kaduna

Malam Abarshi,

Bayan gaisuwa. Wannan takarda ta aiki ce.

Ina tunatar da kai cewa har ranar da mota za ta iso, reshenka a buɗe yake, kuma dokokin aro suna aiki. Duk mazaunin ƙaramar hukumar yana da ikon yin kati. Mai kati yana iya aron littafi uku. Littafin da ke hannun mai aro yana nan cikin adadi, amma ba ya cikin abin da za a loda, sai ranar da ya dawo da shi ga reshen da ya ara.

Ban ga inda doka ta ce mai aro sai ya iya karatu ba. Na duba sosai.

Na haɗo maka da katunan aro, duk waɗanda na samu a kabad ɗin ofis. Ba shawara na ba ka ba, doka na tuna maka.

Ka huta lafiya.

Sabina Martins

*

Birnin Gwari

Ranki ya daɗe, mai tuna wa mutane doka.

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Ki ƙara wannan a tarihin: ɗakin karatun Birnin Gwari bai taɓa ganin layi ba sai a makon da za a rufe shi.

Na tara masu ajiya na yi musu bayani. Sai hedimasta ya ce, "Wato in ari littafina?" Na ce haka ne. "In dawo da shi yaushe?" Na ce ranar da aka sake buɗe reshe. Ya ce, "To, ba ni katin, wannan aron har jikokina."

Da yake uku ne iyaka, kowa ya tafi neman mutane. Gabriel ya kwaso 'yan kwayarsa, mawaƙan cocin, gaba ɗaya, suka shigo a jere kamar ranar Kirsimeti. Da mutanensa suka ƙare, limamin unguwarmu ya ba shi aron ladani da wasu dattawa biyu. Yanzu haka akwai ladani a garin nan da katin aron littafin waƙoƙin coci a aljihunsa, ya ce in an tambaye shi zai ce bincike yake yi. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Tawadar hatimin da ta jawo mana rigimar ita muka dangwala.

Saura mutum ɗaya.

Na bar ta ƙarshe don na ɗauka tata ce mai sauƙi. Mata huɗu na ajinsu sun yarda su yi kati su taya ta. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, na miƙa mata katin. Ta dube shi, ba ta karɓa ba.

"Wannan na mene ne?"

"Na aro ne, Iya. Ki dangwala a nan, ki tafi da kayanki."

"Aro. A wajen wa?"

"A wajen gwamnati, amma a takarda ne kawai."

"Gwamnati ce ta rubuta su?"

"A'a."

"Ita ta ɗauko su daga Damari a ka, tana gudu cikin dawa?"

Na ce, "Iya, dabara ce. Kowa ya yi."

Ta ce, "Kowa ya yi ta yi. In na dangwala, na shaida da yatsana cewa ba na Malam ba ne. Gonarsa an ƙwace, gidansa an ƙone, ban sa hannu a ko ɗaya ba. Wannan ne zan sa wa hannu? Amana na ba ka, ɗan nan. Amana mayarwa ake yi, ba a ba da aronta."

Na ce to mota za ta tafi da su. Ta ce, "Sai ta tafi da su a gabana, in ga mai ɗauka."

Na yi karatu daidai gwargwado, Sabina, na san littattafai da dama da aka yi gardama a cikinsu. Duk da haka sai na mayar da katin aljihuna. Matan ma na ce su ara a madadinta, ta ce duk wadda ta taɓa gafakar ba ita ba ita.

Ga inda muke. Kantocin ajiya sun zama wayam, sai gafaka ɗaya. Sai kun iso. Allah ya tsare hanya, ku biyo ayarin safe.

Abarshi

*

Birnin Gwari, Nuwamba

Maman Jemima,

Gaisuwa mai tarin yawa. Abdulsalam ya ce kun isa lafiya, alhamdu lillahi. Kin zo kin tafi ba mu zauna ba, tuwon da Huseina ta tuƙa miki ni na cinye shi da safe.

Akwai abin da ban samu faɗa miki ba saboda idon 'yan lodi. Na san ki tun kina yarinyar da ke mayar da biron ofis in ta same shi a jakarta. Ban taɓa jin kin faɗi abin da ba haka yake ba. Shi ya sa da kika buɗe gafakar, kika daɗe kina kallon takardun nan masu tsabta kamar an wanke, sannan kika ɗaga murya kika ce, "Wannan gara ta gama da shi, a cire shi daga adadi, ba a loda ruɓaɓɓe," sai da na nemi kujera.

Ita kuma baiwar Allah ta miƙe tsaye: "Ƙarya ne! Gara a ina? Duk Juma'a nake kakkaɓe su!" Da ba don Gabriel ya fara tari mai ƙarfi ba, ladani ya kama yi masa sannu da ihu, da ta kai mu gaban Darakta ni da ke.

Bayan motarku ta tashi, na kira liman da Gabriel suka tsaya shaida. Na ɗauki gafakar da hannu biyu na ce, "Iya Tasalla, ga amanarki." Ta buɗe, ta duba har mai ƙonannen gefe, ta ce, "Sun cika. Allah ya yi maka albarka." Game da ke kuwa ta ce yarinyar tana da kirki, sai dai idonta ba ya gani sosai.

Na kwana ina tunanin aikina ya ƙare. Da safe na zo in share ɗaki in rufe, sai na tarar da ita zaune a bakin ƙofa da gafakar a cinya. An yi ruwan ƙarshe a daren, ajin ya jiƙe. Ta ce, "Nan ne dai har yanzu?" A bayanta ga hedimasta da buhun takinsa, ga 'yan kwaya. Ba dawo da aro suka yi ba, sun ja mini kunne a kan haka. Ajiya suka kawo.

'Yan lodinku sun bar tsohon kabad ɗin En'e, wai mai ƙafar bulo ba ya cikin kayan gwamnati. A ciki na sa gafakar. Ta ce in sa alama. Na aika wajen mai sito aka samo mini ragowar shuɗin fenti, na ɗiga a jikin katakon, ba a jikin littafi ba. Ta duba ta ce ya yi.

Kin ga mun koma inda muka fara, kabad ɗaya da mutanen da ba karatu ya kawo su ba. Rediyon kawai ya rage.

Yaya Darakta ya karɓi labarin gara? Kada ki ɓoye mini.

Naki har kullum, Abarshi

*

Kaduna

Malam,

Ina gaisuwa.

An ba ni takardar tuhuma a kan garar, na amsa. An ce za a turo mai feshi in hanya ta yi kyau.

Littafin tarihin ya fito. Shafukanka sun koma layi uku, na ƙarshen ya ce an rufe reshen na ɗan lokaci. Makullin dai ba wanda ya tambaya, ni ma ban tuna wa kowa ba.

Ka riƙa buɗewa ranar Juma'a da hantsi. Ka gaya wa Iya Tasalla idona lafiya lau, na ga aikinta.

Allah ya sada mu da alheri.

Sabina